Su wa ke karanta binciken asalin dafin maciji?

Duk manomi ya san kububuwa. Ƙarama ce, amma a karkarar Afirka ta Yamma babu macijin da ya kai ta kisa. A ƙasashe masu nisa akwai masanan da aikinsu shi ne binciken dafinta: ina ya samo asali, yaya ya riƙa sauyawa cikin miliyoyin shekaru. Suna buga sakamakon a mujallun ilimi irin su Toxicon, wadda ake fitarwa tun 1962. To, wa ke karantawa?

Na farko, masanan da kansu, kuma sukan yi gardama. A 2006 Bryan Fry na ƙasar Ostareliya da abokan aikinsa suka ce macizai da dangin damo da guza sun gaji dafi daga kaka guda, wajen shekara miliyan 200 da suka wuce. A 2014 wasu masana a Birtaniya suka musanta.

Na biyu, masu haɗa allurar maganin dafi. Tun zamanin Albert Calmette na Cibiyar Pasteur, wajen 1895, dabarar ɗaya ce: a riƙa sa wa doki dafi kaɗan-kaɗan, sa'an nan a tace magani daga jininsa. Maganin ya fi aiki kan irin dafin da dokin ya saba da shi. Ga shi kuwa bincike na 2009 ya nuna dafin dangin kububuwa yana bin abincinsu: mai yawan cin kunama, dafinta ya fi kashe kunama. Ke nan kububuwar Indiya daban, tamu daban.

Wannan magana ta taɓa rayuka. A 2004 wani asibitin karkara a Gana ya koma ga maganin da aka haɗa da dafin macizan Indiya. Mace-macen waɗanda maciji ya sara suka tashi daga kusan 2 cikin 100 zuwa 12 cikin 100.

Saboda haka akwai mutum na uku da ya kamata ilimin nan ya iske: ma'aikacin da ke sa hannu a sayo wa ƙasa magani, da likitan da ke yin allurar a ƙauye. Amma yawancin binciken da Ingilishi yake. A Faransanci akwai littattafan Jean-Philippe Chippaux kan macizan Afirka. Da Hausa kuwa sai mun tashi tsaye.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 81.000 zuwa 138.000 ke mutuwa kowace shekara ta sarar maciji, kuma a 2019 ta ɗauki niyyar rage su da rabi kafin 2030. Kiranmu ga hukumomi: kafin a sayi magani, a tambaya da dafin wane maciji aka haɗa shi. Ku kuma da kuka yi karatun manya, ku isar wa maƙwabta: wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a kai shi asibiti da gaggawa.