Tururuwar Wuta: Me Ya Sa Take Son Gonar Da Aka Share Tas?

 Da yawanmu in mun samu fili, abin da muke fara yi shi ne mu sare kowace bishiya, mu ƙone kowane ƙaramin kurmi, wai don wuri ya yi tsaf. To kafin ka ɗauki gatari, saurari labarin wata tururuwa da ta hana manoman Amurka sakat.

Ana ce mata tururuwar wuta saboda harbinta zafi yake kamar an ɗana maka garwashi. Asalinta daga Kudancin Amurka take, yankin kogin Parana, wajen arewacin Ajantina da Paraguwai da Barazil. Wajen shekarun 1930 ta shiga ƙasar Amurka ta jirgin ruwa, a tashar Mobile da ke jihar Alabama. Daga can ta isa Ostareliya a 2001, Taiwan a 2003, sannan China a 2004. A 2023 kuma aka tabbatar da gidajenta a tsibirin Sisili na Italiya.

Meye haɗinta da kiwo? Gida ɗaya na iya ɗaukar tururuwa sama da 200,000. Takan yi wa ɗan tsako taron dangi tun yana fasa ƙwai, ta cika buhun abinci, ta shiga akwatin lantarki ta lalata famfo. Ruwa ma ba ya cinye ta. In ambaliya ta zo, sai su kama juna su yi curi suna yawo a saman ruwa, kuma an sha ganin ƙananan kifaye sun mutu bayan sun haɗiye ta da yawa.

Yanzu ga inda ciyayi da bishiyoyi suka shigo. Tururuwar nan rana take so da ƙasar da aka tone. Gefen hanya, makiyaya, gonar da aka huɗe, bakin tafki, nan ne gidanta. Cikin kurmi mai inuwa kuwa da wuya ta kafu. Masana a jihar Fulorida sun gwada: suka shiga dajin da babu ita, suka huɗe wasu wurare suka bar wasu yadda suke. Inda aka huɗe nan ta fi samun gindin zama. Dalili? Inuwa tana hana tulin ƙasarta ɗaukar ɗumin da take renon 'ya'ya da shi. Sannan a dajin da ba a taɓa ba akwai tururuwan asali da sauran ƙwari, waɗanda ke cinye sabuwar sarauniya tun kafin ta kafa gida.

Sai maganar iri, wato ƙwayoyin gado. Sarauniyoyi kaɗan ne suka fara shiga Amurka, don haka zuriyarsu ba ta da bambancin jini kamar ta Kudancin Amurka. Masu kiwon kaji sun san illar barbarar dangi. A wajenta ma haka ne, ana samun maza da yawa da ba sa haihuwa. Amma duk da haka ta yi ƙarfi, don ta baro maƙiyanta a gida, ciki har da wani ɗan ƙuda mai saka ƙwai a jikinta, tsutsarsa ta cinye cikin kanta har kan ya faɗi.

Gidajenta iri biyu ne. Akwai mai sarauniya ɗaya: 'ya'yan sarauniyar sukan tashi sama su yi barbara, su sauka nesa inda suka samu fili fetal. In an share daji ko'ina, sai zuriya daban-daban su haɗu su gauraya. Akwai kuma mai sarauniyoyi da yawa: su a ƙafa suke ƙaura, gida kusa da gida, har su cika gona. Masu tafiyar ƙasa kurmi mai duhu yana rage musu gudu, sai dai in mutum ya ɗauke su da kansa cikin ƙasa ko tukunyar dashe.

Kada ka ce feshi ne mafita. Amurka ta shafe shekaru tana watsa wani magani mai suna mirex ta jirgin sama, har aka haramta shi a 1978. Ya kashe har da tururuwan asali, ita kuwa ta riga kowa dawowa.

To me za mu ɗauka? Ko da cinnaka ko kiyashi ne ke damun ka, darasin zai yi maka amfani:

1. Share daidai kewayen ɗakin kaji saboda maciji da ɓera, amma bar bishiyoyi da ƙananan itatuwa a iyakar gona.
2. Kwashe abincin da ya zube kullum, kuma ɗora buhuna a kan katako.
3. Duba ƙasa, taki da dashen da ka sayo kafin su shigo gonarka.
4. Kada ka yi feshi kusa da tafki. Zuba tafasasshen ruwa a ramin da ka gani, ka maimaita.

Allah ya albarkaci kiwonmu, amin.