DALLA-DALLA: Yadda sifili ɗaya ke iya fitar da talakan Birnin Kudu da Gwaram daga jerin masu karɓar tallafi

Tun daga watan Disamban 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, rayuwar talakan Najeriya ta rataya a kan wasu 'yan lambobi. Ɗalibin da ke Kangire ba zai yi rajistar JAMB ba sai da NIN. Manomin da ke Basirka ba zai ga kuɗin tallafi ba sai lambar asusunsa ta dace da sunansa. Mai zaɓe a Sara ko Wurno yana da lambar katin zaɓe, rumfar da yake jefa ƙuri'a ma tana da tata lambar.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne yadda ake adana waɗannan lambobi bayan an karɓe su daga hannun jama'a. Shawara ce da mai rubuta manhaja ke yankewa cikin layi ɗaya: shin kwamfuta za ta ɗauki lambar a matsayin adadin lissafi, ko a matsayin rubutu mai ƙayyadadden tsawo? Amsar wannan tambaya na iya raba wanda za a biya da wanda sunansa zai ɓace daga jeri ba tare da an sanar da shi ba.

Lamba ce a ido, suna ce a aiki

NIN, wadda hukumar NIMC da aka kafa da dokar 2007 ke bayarwa, alƙaluma 11 ce. BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2014, ita ma 11 ce. Lambar asusun banki ta tsarin NUBAN, wanda Babban Bankin ya fito da shi a 2010, alƙaluma 10 ce. Lambar waya kamar yadda ake rubuta ta a cikin gida 11 ce, kuma da sifili take farawa. Lambar mai zaɓe da ke jikin katin INEC kuwa gurbi 19 gare ta, haruffa gauraye da alƙaluma.

Babu ɗaya daga cikinsu da ake lissafi da ita. Ba a tara NIN ɗin mutum biyu, ba a raba lambar waya gida uku. Sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma. A lissafi, 007 da 7 abu ɗaya ne, domin sifilin da ke gaba ba ya ƙara komai. A shaida kuwa ba ɗaya ba ne: asusu mai lamba 0012345678, idan aka mayar da shi 12345678, ya daina zama asusun kowa.

Manhajar Excel, wadda da ita ake haɗa jerin sunaye a ofisoshi da shagunan kwamfuta da dama, ba ta san wannan bambanci ba sai an sanar da ita. Idan aka shigar da lambar waya a gurbin da ba a saita shi a matsayin rubutu ba, nan take sifilin farko zai faɗi. Idan lambar ta kai alƙaluma 12, kamar lambar wayar da aka fara da 234, sai manhajar ta nuna ta a dunƙule, wani abu kamar 2.34803E+12. Idan aka adana jadawalin a tsarin CSV a wannan yanayi, sauran alƙaluman sun tafi ke nan. Abin da ya haura alƙaluma 15 kuwa, Excel na mayar da ragowar sifili, don haka lambar katin ATM mai alƙaluma 16 ba ta fita lafiya.

Akwai wani tarkon a rumbunan bayanai na manyan manhajoji. Gurbin adadi da aka fi amfani da shi ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Lamba mai alƙaluma 11 da ba ta fara da sifili ba ta zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba, haka ma duk asusun da ya fara da 3 zuwa 9.

Gwaram ko Auyo?

Lambar rumfar zaɓe ta fi kowacce nuna amfanin ƙayyade tsawo. INEC na rubuta ta kashi huɗu: alƙaluma biyu na jiha, biyu na ƙaramar hukuma, biyu na mazaɓa, uku na rumfa. Jigawa ce ta 17 a jerin jihohi. A cikin ƙananan hukumominta 27, Auyo ce 01, Birnin Kudu 03, Gwaram 11. Rumfar farko a mazaɓar farko ta Gwaram ita ce 17-11-01-001.

A ɗauka wani ya cire sifilan da ke gaba a kowane kashi, ya manne sauran wuri ɗaya. Rumfar Gwaram ta koma 171111. Rumfa ta 11 a mazaɓar farko ta Auyo, wato 17-01-01-011, ita ma ta koma 171111. Rumfuna biyu, ɗaya a kudancin jihar, ɗaya a yankin Haɗeja, sun zama abu ɗaya a idon kwamfuta. Muddin kowane kashi na riƙe da tsawonsa, hakan ba zai yiwu ba, domin matsayin kowane alƙalami ne ke faɗin ma'anarsa.

Wannan ya shafi duk wata jam'iyya, ƙungiyar sa ido ko matasan da ke tattara sakamako daga shafin IReV domin kwatanta shi da abin da aka bayyana a cibiyar tattara sakamako. Tun 2021 rumfunan zaɓe a Najeriya suka kai 176,846. Jadawalin da ya gauraya rumfuna biyu zai iya haifar da zargin maguɗi inda babu, ko ya rufe shi inda yake.

Yadda ake gina gurbin a rumbun bayanai

A harshen SQL, wanda rumbuna irin su PostgreSQL da MySQL ke aiki da shi, akwai nau'in gurbin rubutu iri biyu da aka fi sani. VARCHAR na karɓar rubutu mai kowane tsawo har zuwa iyakar da aka sa masa, shi ya sa ya dace da sunan mutum ko na unguwa. CHAR kuwa tsawonsa a ƙayyade yake: idan aka ce 11, gurbi 11 zai ci.

Sai dai zaɓen CHAR kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne masu koyon aikin ke yawan tuntuɓe. Idan aka ba shi rubutun da ya fi tsawonsa, PostgreSQL zai ƙi karɓa, shi kuma MySQL, idan ba a tsaurara saitinsa ba, zai datse wutsiyar ya wuce da gargaɗi kawai. Idan kuma rubutun bai kai ba, CHAR ba ya ƙorafi. Cike ragowar yake yi da sarari. Ke nan lambar wayar da ta rasa sifilinta za ta shige ta zauna kamar lafiyayya.

Don haka ingantaccen gurbin shaida na buƙatar sharuɗɗa huɗu. Na farko, a adana lambar a matsayin rubutu. Na biyu, a ɗora mata ƙa'idar da za ta tabbatar tsawonta ya cika daidai, kuma babu komai a ciki sai alƙaluma, domin kada harafin O ya shiga a madadin sifili, ko I a madadin 1. Na uku, a hana lamba ɗaya bayyana sau biyu a jeri ɗaya. Na huɗu, a share sarari da ƙaramin layin da mutane ke sakawa tsakanin alƙaluma kafin a adana, a kuma tsayar da siga ɗaya: ko dai 0803, ko 234803, amma ba duka biyun ba. PostgreSQL na ba da damar a haɗa sharaɗin tsawo da na alƙaluma a ba su suna ɗaya, ya zama sabon nau'in gurbi, ta yadda duk jadawalin da ke buƙatar NIN zai gaji ƙa'idar ba tare da an sake rubuta ta ba.

Wasu lambobin na ɗauke da mai gadinsu. A NUBAN, alƙaluma tara na farko ne lambar asusun, na goman kuwa sakamakon lissafi ne: ana ninka alƙaluman lambar bankin da na asusun da 3, 7, 3 bi da bi, a tara, sannan a duba abin da ya rage jimillar ta cika goma. Idan mai shigar da bayanai ya kuskure alƙalami ɗaya, lissafin ba zai dace ba, kuma manhajar da aka koya wa wannan za ta tsayar da shi tun mai asusun na tsaye a gabansa.

Inda abin ke shafar aljihun talaka

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Birnin Kudu na da mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000, akasarinsu manoma ne a ƙauyuka masu nisa da banki. Jerin masu cin gajiyar taki, iri, tallafin ambaliya ko kuɗin rage raɗaɗi yakan faro ne da biro da takarda a matakin mazaɓa, a kai shi a buga a kwamfuta, a tura ta WhatsApp ko imel, kafin ya isa inda za a tantance a biya. A kowane zango lamba na iya rasa wani abu.

A watan Oktoban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shirin bai wa gidaje miliyan 15 naira 25,000 duk wata har tsawon wata uku. Bayan dakatar da shirye-shiryen tallafi a Janairun 2024, gwamnati ta ce sai an tantance masu karɓa da NIN ko BVN. Manufar ita ce toshe sunayen bogi, kuma an taɓa ganin amfanin hakan: a Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunaye 23,846 daga jerin albashi bayan tantancewa da BVN. Amma na'urar tantancewa ba ta bambanta sunan bogi da sunan gwauruwar da aka rubuta lambarta da alƙaluma 10 maimakon 11. Duka biyun amsa ɗaya suke samu: ba a same shi ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Manhajojin kuɗi irin su OPay da PalmPay na amfani da lambar wayar mutum, bayan cire sifilin farko, a matsayin lambar asusu. Saboda haka lambar wayar da ta rasa sifilinta kamanninta ɗaya da lambar asusu mai alƙaluma 10. A jerin da aka gauraya gurabensa, gyaran da wani zai yi da ka zai iya tura kuɗi inda ba a nufa ba.

Matsalar ba ta ƙasashe masu tasowa kaɗai ba ce. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta amince cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda tsohon tsarin Excel da aka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. A shekarar ce kuma kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya bayyana sauya wasu sunaye, irin su MARCH1 da SEPT1, domin Excel na mayar da su ranakun Maris da Satumba. Ɗan hakin da aka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone ido.

Abin da ƙayyade tsawo ba ya magancewa

Ƙa'idar tsawo na tabbatar da siffar lamba ne kawai. Ba ta tabbatar da cewa lambar ta mai sunan ce. Wanda ya sa NIN ɗin ƙaninsa a gurbin wani talaka ya cika duk sharuɗɗan nan huɗu. Gano irin wannan sai an kwatanta da rumbun NIMC, ko da hoton yatsa da fuska, kamar yadda INEC ta yi ta soke sabbin rajista sama da miliyan 2.7 gabanin zaɓen 2023.

Haka kuma lambar da ke ɗauke da ma'ana tana tsufa idan taswira ta sauya. Kafin 27 ga Agustan 1991, Birnin Kudu da Gwaram na cikin Jihar Kano ne. Duk lambar da aka gina a kan jiha da ƙaramar hukuma sai an sake ta idan aka ƙirƙiro sabbi. NIN ta tsira daga wannan, domin alƙalumanta ba sa nuna jiha, ƙabila ko shekarar haihuwa, kuma gurbi 11 ya isa samar da lambobi har biliyan 100.

Sannan jerin da ke ɗauke da NIN, BVN da lambar asusu dukiya ce ga 'yan damfara. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara su alhakin tsare su, kuma yawo da irin wannan jeri a zaurukan WhatsApp ya saɓa wa manufar dokar.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Matasan da ke bibiyar ayyukan gwamnati sun saba tambayar nawa aka ware da kuma su wa aka ba. Akwai tambayoyin da suka cancanci a ƙara, ga kansila, shugaban ƙaramar hukuma ko duk hukumar da ta tattara sunaye. Sunaye nawa aka tura, nawa aka biya, nawa tantancewa ta mayar? A cikin waɗanda aka mayar, nawa ne saboda lamba ba ta cika ba? An sanar da masu su domin su gyara? Wa aka sa a gurbinsu? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan alƙaluma a rubuce daga hukumomin tarayya, kuma jimilla ake nema, ba bayanan sirrin kowa ba.

Shi kuwa wanda ake rubuta sunansa, kada ya bar wurin sai an karanta masa lambarsa ya ƙirga da kansa: NIN 11, BVN 11, waya 11, asusu 10. Idan mai bugawa na aiki da Excel, a saita guraben a matsayin rubutu kafin a shigar da lamba ta farko, domin sauya saitin daga baya ba ya dawo da sifilin da ya riga ya faɗi.