Kafin ka jona hita a ekstenshan, yi wannan ɗan lissafin

Juya cajar wayarka ka duba ƙananan rubutun da ke bayanta. Za ka ga wani abu kamar 5V da 2A. Yawancinmu ko kallonsu ba ma yi, alhali wanda ya iya karanta irin waɗannan lambobi zai iya kare ɗakinsa daga gobara, musamman lokacin hunturu da kowa ke neman ruwan zafi.

Ka ɗauki lantarki kamar ruwan famfo. V na nufin bolt, wato ƙarfin da ke turo wutar. A na nufin amfiya, yawan wutar da ke gudana. Sai turjiya, wadda ake aunawa da om: kamar ƙuncin bututu ne da ke rage wa ruwa gudu. Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ne ya wallafa alaƙar ukun a 1827, kuma sunansa aka sa wa ma'aunin.

Ƙa'idoji biyu kawai za ka riƙe. Bolt sau amfiya, shi ne wat, wato yawan wutar da na'ura ke ci. Bolt a raba da amfiya, shi ne om. Cajar nan taka, 5 sau 2, wat 10 ke nan. Ba wani abu ba ne.

To, zo mu koma kan hita. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Butar lantarki mai wat 2,000, idan ka raba da 230, tana jan amfiya kusan 8.7, turjiyarta kuma om 26 da ɗoriya. Dutsen guga mai wat 1,200 yana jan amfiya 5.2. Ka jona su tare, amfiya kusan 14 ke nan. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi kuwa iyakarsa amfiya 13 ce, wato wat 2,990. Idan 10A aka rubuta a jikin ekstenshan ɗinka, wat 2,300 ne iyakar abin da zai ɗauka. Ka ga an wuce gona da iri.

Me ya sa yake narkewa? Saboda ita ma igiyar wutar tana da tata turjiyar, kuma mai siririn tagulla ta fi yawa. Zafin da take fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau om. Idan wutar ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Soket mai lagwa-lagwa da turjiyarsa ta kai rabin om, idan amfiya 10 ta bi ta cikinsa, zafin wat 50 ne zai taru a wuri kamar kan yatsa, kewaye da roba. Warin ƙauri da kake ji daga nan yake.

Don haka kafin ka jona, karanta wat ɗin kowace na'ura, ka tara su, ka raba da 230, ka kwatanta da abin da ke jikin ekstenshan. Hita da dutsen guga, soket na bango ya fi dacewa da su, ɗaya bayan ɗaya. Fis ya ƙone? Sayi sabo daidai da shi, kada ka naɗa masa waya. In kuwa fulogi ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, kashe makunni ka kira mai gyaran wuta.