Kiwon ɓeran Masar: yadda ake gina masa akurki mai hawa uku

A wannan karo za mu yi bayani a kan wata ƙaramar dabba da yara suka daɗe suna kiwo a gidajenmu, wato ɓeran Masar. Waɗanda suka yi lakwal suna kiransa kobayi.

Sau da yawa yaro yakan sayo guda biyu, ya sa su cikin tsohon kwali ko ƙarƙashin rumbu. Kafin wata uku, kyanwa ta ɗauke ɗaya, zafi ya kashe ɗaya. Kuɗi sun tafi, yaro yana kuka. Sai a ce dabbar ba ta da ƙwari. Alhali kuwa laifin na makwanci ne. Wanda ya gyara mata makwanci, ya gama rabin aikin kiwo.

Wace dabba ce wannan?

Ko da yake ana ce masa ɓera, ba irin ɓeran gida ba ne, wanda wasu ke kira kusu. Ba shi da wutsiya, ba ya hawa bango, ba ya fasa buhu. Ciyawa ita ce abincinsa. Babba yakan kai giram 700 zuwa kilo 1.

Kuma ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Amurka ta Kudu ne, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado. Mutanen can sun yi shekaru dubbai suna kiwonsa domin nama. Masara ma daga nahiyar Amurka ta fito, amma Hausawa suka laƙaba mata sunan Masar. A yau ana kiwonsa domin nama a Kamaru da Kwango da Tanzaniya. A wajenmu an fi kiwonsa domin sayarwa da kuma samun taki. Wanda yake da shakka game da cin namansa, ya tambayi malaman garinsu.

Masu binciken magani ma sun amfana da shi. A shekarar 1882, wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya yi aiki da ɓeran Masar lokacin da ya gano ƙwayar cutar tarin fuka.

Me ya sa ake yin hawa-hawa?

A Turai da Amurka akwai masu kiwon farin ɓera, wasu domin ɗakunan bincike, wasu domin ciyar da macizan da suke ajiyewa. Sukan jera akwatuna bisa katako, wani bisa wani, kamar kantar mai shago. Kowane akwati ana iya jawo shi a share, a mayar. Wannan dabara ce za mu ara. Amfaninta huɗu ne:

1. Ba ta cin wuri. Kusurwar ɗaki ɗaya ta isa.
2. Dabbobi suna nesa da ƙasa, nesa da kyanwa da maciji da cinnaka.
3. Ana raba iyaye da ƴaƴa, a raba maza da mata.
4. Shara tana da sauƙi, taki kuma ba ya ɓacewa.

Zaɓen wuri

Babban abokin gaban ɓeran Masar shi ne zafi, domin dabbar ƙasar sanyi ce. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Idan zafi ya wuce digiri 30, ransa yana cikin haɗari. Mu kuwa mun san a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai. Saboda haka, kafin a sayi ƙusa ko ɗaya, a fara neman wuri.

Wurin da ya fi shi ne ɗakin ƙasa mai kaurin bango, mai rufin laka ko na ciyawa, mai taga biyu da iska ke ratsawa. Ɗaki mai rufin kwano bai dace ba. Kada rana ta taɓa akurkin, ko da safe ko da yamma. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da madafa. Wanda ba shi da irin wannan wuri, ya haƙura da wannan kiwo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan aiki

Tsawon akurkin metir 1 da rabi ne, faɗinsa santimetir 70, tsayinsa metir 1 da rabi. Ga abin da za a tanada:

- Ginshiƙai 6 na katako ko miƙaƙƙen itace, kowane metir 1 da rabi.
- Dogayen katakai 8, kowane metir 1 da rabi.
- Gajerun katakai 12, kowane santimetir 70.
- Alluna na shimfiɗa daɓen hawa uku.
- Tsohon kwanon rufi, domin yin faranti 6.
- Ragar waya, wadda ake kira giriyaji, mai ƙananan idanu.
- Ƙusoshi, da sakata 6, da yankakkiyar tsohuwar taya ta riƙe ƙofofi.
- Gwangwanaye 6.

A lura da raga sosai. Ɓeran gida yana iya kutsawa ta ramin da fensir ke shiga. Ragar kaji idanunta sun yi girma. A nemi wadda idonta bai wuce rabin santimetir ba.

Yadda ake haɗawa

Da farko, a jera ginshiƙai shida, a auna su, a sa wa kowane alama a wuri huɗu: a santimetir 30 daga ƙasa, a 70, a 110, sannan a kai, wato 150.

Na biyu, a ɗauki ginshiƙai uku, biyu a gefe ɗaya a tsakiya, a buga musu dogayen katakai huɗu daidai kan alamomin. Wannan shi ne gaba. A yi wa sauran ukun haka, su zama baya.

Na uku, a tayar da gaba da baya, a haɗa su da gajerun katakai, uku-uku a kowace alama. A girgiza a gani. In yana rawa, a buga katako ɗaya a karkace ta baya.

Na huɗu, a shimfiɗa alluna a alamomi uku na ƙasa. Yanzu an sami hawa uku, kowane tsayinsa kusan santimetir 40. Kada a yi daɓe da raga, domin tafin ƙafar dabbar yana da taushi, waya tana ji masa ciwo.

Na biyar, a buge kwano ya miƙe, a yanka faranti biyu domin kowane hawa. A tanƙwara gefensu sama kamar santimetir 5, a kuma naɗe bakin don kada ya yanki dabba ko hannu. Farantin ne zai tare fitsari kada ya zuba wa na ƙasa. Ya zamana ana iya jawo shi ta gaba.

Na shida, a rufe baya da gefuna da sama da raga. A gaba a yi ƙofa biyu a kowane hawa, na katako da raga, kowace da sakatarta. A lanƙwashe duk tsinin waya zuwa waje.

Na bakwai, a sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai na mota. Wannan yana hana gara da cinnaka hawa. Kada man ya taɓa inda dabbobi ke gwaguya.

A ƙarshe, a zuba busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa cikin faranti. A kife tsohuwar tukunya mai fasasshen gefe a kowane hawa, domin dabba ce mai tsoro, tana son maɓoya. A sa kaskon ruwa mai nauyi wanda ba za su kifar ba.

Wa zai zauna ina?

Iska mai zafi sama take tashi, ƙasa ta fi sanyi. Don haka hawan ƙasa na iyaye ne: namiji 1 da mata 5. Masu ciki su ne zafi ya fi saurin kashewa. Hawan tsakiya na ƴaƴa mata ne da aka yaye. Hawan sama na ƴaƴa maza ne, su ne kuma za a fara sayarwa. Kada a haɗa manyan maza biyu a inda mata suke, faɗa za su yi har su ji wa juna rauni.

Haihuwa da yaye

Cikin macen yana ɗaukar wata biyu da ƴan kwanaki, wato tsakanin kwana 59 da 72. Yawanci takan haifi 2 zuwa 4. Ƴaƴan suna fitowa da gashinsu, idanunsu a buɗe, kuma cikin ƴan kwanaki suna fara cin ciyawa. Nonon uwa biyu ne kawai. In ƴaƴa sun yi yawa, a sa ido a kan ƙaramin cikinsu.

A yaye su bayan mako 3, a raba maza da mata nan take, domin ƴar wata ɗaya tana iya ɗaukar ciki, kuma hakan yana nakasa ta. A kai mace wurin namiji tana da wata 3. Kada haɗuwar farko ta wuce wata 6, domin bayan haka ƙashin ƙugunta yana ƙagewa, haihuwar fari ta zo da wuya.

Mace tana iya sake ɗaukar ciki a ranar da ta haihu. Domin ta huta, a fitar da namiji idan haihuwa ta matso. Haka kuma a raba shi da mata tun watan Janairu, don kada zafin bazara ya iske su da tsohon ciki. A mayar da shi idan damina ta sauka. Kowace shekara a yi musanyar namiji da wani makiyayi, don kada uba ya riƙa bin ƴaƴansa, iri ya lalace.

Ga lissafi: mata 5, kowace ta haihu sau 3 a shekara, kowace haihuwa ƴaƴa 2 su rayu. An sami 30 ke nan. Kafin su taru, a san inda za a sayar da su.

Abinci

Kamar ɗan Adam, jikin ɓeran Masar ba ya yin bitamin C da kansa. Sai ya ci ɗanyen ganye kullum. In ya rasa, dasashinsa ya yi jini, gaɓoɓinsa su kumbura. A ba shi ɗanyar ciyawa, ganyen dankalin Hausa, ganyen zogale kaɗan, ganyen salati da na karoti daga garka. A bar masa harawa ko busasshiyar ciyawa dare da rana, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. A ƙara ɗan dusa. A sauya ruwa safe da yamma.

Kada a ba shi tumfafiya, ko zurma, ko ganyen tumatir, ko ganyen dankalin Turawa, ko albasa. Kada a ba shi ganyen da aka yi wa feshin magani, ko abinci mai fumfuna.

Idan bazara ta zo

A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a jikin raga, a riƙa yayyafa masa ruwa. A sa ƙaramin tulu cike da ruwa a kowane hawa, su kwanta a jikinsa. A rage yawansu tun kafin zafi, a bar hawan sama babu kowa. In an ga ɗaya ya miƙe yana haki, yawu na zuba, a jiƙa masa kunnuwa da ƙafafu da ruwan randa, a kai shi wuri mafi sanyi.

Tsabta da lafiyar iyali

A sauya shimfiɗa sau biyu a mako. A wanke faranti da sabulu, a shanya a rana. A zuba sharar cikin ramin taki ta ruɓe, sannan a kai garka.

Duk wanda ya taɓa dabbobin ko kashinsu, ya wanke hannu da sabulu, musamman yara, domin ana iya ɗaukar zawo ko ciwon fata. Sabuwar dabba ta yi mako 2 ita kaɗai kafin a haɗa ta da sauran. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi.

Kada a ba su maganin mutane da ake talla a kasuwa. Fanisilin da ampisilin da amoksisilin suna kashe ɓeran Masar. In ciwo ya shiga, a je wurin ma'aikacin kiwo.

Gargaɗi na ƙarshe: kada yaro ya kama ɓeran gida ko na daji ya sa cikin akurki. Suna ɗauke da cututtuka a fitsarinsu da kashinsu. Zazzaɓin Lasa, wanda aka gano a shekarar 1969 a garin Lasa na jihar Borno ta yanzu a Najeriya, wani irin ɓera ne mai shiga gidaje yake yaɗa shi. A rufe dusa cikin tukunya mai marfi, a share abincin da ya zube kafin dare.

Ƴan'uwa, lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne watan Nuwamba, da shigowar sanyi. A fara gina akurki, sannan a sayo namiji 1 da mata 2. A rubuta ranar kowace haihuwa cikin littafi, tunda yanzu mun iya rubutu. In sun tsallake bazarar farko lafiya, sai a ƙara. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, amin.