Goro Fari, Goro Ja: Wasan da Ya Raba Gardamar Einstein

A ɗauka an zaunar da wa da ƙani, ɗaya a Rogo, ɗaya a Ƙaraye, an karɓe wayoyinsu. Gaban kowanne akwai alƙalin wasa riƙe da ƙwaryar goro, fari da ja daidai wa daida. Zai zaro ɗaya ido rufe ya nuna, ɗan wasa ya ce "i" ko "a'a". Sun ci idan amsoshinsu suka zo ɗaya, sai fa in dukansu jan goro suka gani, to nan dole amsa ta saɓa.

An yarda su haɗa baki kafin su rabu. Amma duk dabarar da suka ƙulla, in wasa ya yi tsawo ba za su wuce cin 75 cikin 100 ba, tunda na Rogo bai san goron da aka nuna wa ɗan'uwansa ba. Sai dai in aka ba su tagwayen ƙwayoyin haske da aka samar tare, kowa ya riƙe ɗaya, ya juya na'urar awonsa gwargwadon launin goron da ya gani, ya faɗi abin da ta nuna, cin zai kai kusan 85. Goman nan da ta ƙaru ita ta hana masana barci shekara da shekaru.

Tun 1935 Albert Einstein da abokan aikinsa, Boris Podolsky da Nathan Rosen, suka hango matsalar. Kimiyyar kwantam, wadda ke bayanin halayen ƙwayoyin zarra da na haske, ta ce irin waɗannan tagwaye ba su da tsayayyar amsa sai an auna su, kuma da zarar an auna ɗaya an san ta ɗayar, komai nisa. Einstein bai yarda ba. Ya kamanta abin da aikin fatalwa. A ganinsa, kamar takalmi ne da aka raba buhu biyu: wanda ya buɗe nasa a Rogo ya ga ƙafar dama, ya san ta hagu ce ta tafi Ƙaraye. Amsar tana cikin buhu tun farko. Wato ƙwayoyin na ɗauke da ɓoyayyun siffofi da lissafi bai kamo ba.

Hujja ce ta mai hankali, kuma kusan shekara 30 ba wanda ya san yadda za a gwada ta. A 1964 John Bell, ɗan Belfast mai aiki a cibiyar CERN kusa da Janiba, ya nuna cewa in ɓoyayyun siffofi ne kaɗai, kuma abin da aka yi a nan ba ya taɓa na can, to daidaituwar amsoshi tana da iyaka. Iyakar ita ce 75 ɗin wasan goro.

John Clauser da Stuart Freedman suka gwada a Amurka a 1972, aka tsallake iyakar. Alain Aspect a Faransa, a 1982, ya riƙa sauya saitin na'ura ƙwayoyin suna kan hanya, don kada a ce sun san tambayar tun daga gida. A 2015 masana a Delft ta ƙasar Holan suka toshe manyan kafofin shakka da ƙwayoyin da ke da tazarar kilomita 1.3. A 2017 tauraron ɗan'adam na Sin mai suna Micius ya raba tagwayen haske tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200. Clauser da Aspect da Anton Zeilinger sun karɓi lambar Nobel a 2022. Bell ya rasu tun 1990.

Dole a ja kunne a nan, domin akwai masu fakewa da wannan su tallata duba da karanta zuciyar mutum daga nesa. Ba haka ba ne. Na Rogo ba zai iya aika ko gaisuwa ta wannan hanya ba: abin da na'urarsa ke nunawa kamar ƙuri'a yake faɗowa, ba shi ke zaɓa ba. Sai an haɗa amsoshin ɓangarorin biyu an gwada sannan daidaituwar ke fitowa.

Ɓoyayyun siffofin ma ba su mutu gaba ɗaya ba. Tsarin da David Bohm ya kawo a 1952 yana nan da masu goyon bayansa, sai dai shi ma ya amince da abin da Einstein ya ƙi: abin da aka yi wa ƙwaya a nan yana shafar 'yar'uwarta a can nan take.