Hasashen Gwani a Tseren Keke na Zagayen Faransa

1.0 Gabatarwa

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in an jera su wuri ɗaya sai a ga kamar suna ja-in-ja da juna. Na farko shi ne, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na biyu kuwa, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Na farkon yana nuna cewa mai lura yana iya karanta alamu ya faɗi abin da ke tafe, na biyun kuma gargaɗi yake yi kada a yanke hukunci kafin al'amari ya kai ƙarshensa. Da wuya a sami fagen da waɗannan zantuka biyu suke karawa kowace shekara kamar tseren keke na zagayen ƙasar Faransa, wanda Faransawa ke kira Tour de France. Tun kafin a fara shi masu sha'awarsa sukan duƙufa wajen faɗin wanda zai ci, a wuraren shan gahawa da wuraren aiki da shafukan jaridu. Wannan maƙala za ta bayyana abubuwan da masu hasashen ke dogara da su, da dalilan da kan sa hasashen ya tuntsure, sa'an nan ta nuna abin da ya raba hasashen mai ilmi da canki-canka.

2.0 Yadda Tseren Yake

An fara wannan tsere a shekarar 1903. Wata jaridar wasanni mai suna L'Auto, ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, ita ta ƙirƙiro shi domin ta sami ƙarin masu saye. Ke nan tun daga tushe an gina shi ne bisa ɗokin jama'a na sanin wanda zai yi gaba gobe. A zamanin yau akan yi shi a watan Yuli, cikin mako uku, a zango 21, tafiyar da ba ta cika yin nesa da kilomita 3,500 ba. Kamar dai ayarin fatake, mahaya sukan tashi wajen tsakar rana daga wani gari, su yada zango da yamma a wani, kashegari su ci gaba. Kowace ƙungiya tana zuwa da mahaya 8.

Kullum akan rubuta lokacin da kowane mahayi ya ɓata a zangon ranar, a tara shi da na kwanakin baya. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke kan gaba, kuma shi ke sanya riga mai ruwan ɗorawa, al'adar da ta faro a 1919. Saboda wannan tsari mutum yana iya cin tseren baki ɗaya ba tare da ya zo na ɗaya ko da a zango guda ba, kamar yadda Greg LeMond ya yi a 1990, da Chris Froome a 2017. Ban da wannan riga akwai koriya ta wanda ya fi tara maki, musamman a ƙarshen zanguna, da fara mai jajayen ɗigo ta gwanin hawan tsauni, da fara sol ta matashin da ya fi kowa. Saboda haka mai hasashe yana da tambayoyi da dama a gabansa: wa zai ci zangon yau, wa zai tafi da kowace riga, wa kuma zai shiga birnin Faris a kan gaba.

3.0 Alamun da Ake Karantawa

Alama ta farko ita ce hanya. Masu shirya tseren sukan bayyana taswirarsa tun watan Oktoba na shekarar da ta gabata, kuma hanyar kan sauya kowace shekara. Zangunan kuwa iri-iri ne. Akwai na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda ayari kan iso a dunƙule, ƙarfafan mahaya masu zabura su raba gardama a 'yan mitocin ƙarshe. Akwai na manyan tsaunukan Alps da Firenis, inda marasa nauyin jiki ke cin kasuwarsu. Akwai kuma tseren kaɗaici, inda ake sallamar mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kara da agogo. Mai hasashe yakan ƙirga yawan kowane iri, domin shekarar da tseren kaɗaici ya yi yawa ta wani ce, shekarar da tsaunuka suka yi yawa kuma ta wani daban. Alal misali, Miguel Indurain na ƙasar Sifen ya ci tseren sau 5 a jere, daga 1991 zuwa 1995, ta hanyar tara rata a tseren kaɗaici, sa'an nan ya tsare ta a kan tsaunuka. Wanda ya san haka, da ganin taswira ya san rabin labari.

Alama ta biyu ita ce halin da mahayi ke ciki. Akan dubi abin da ya yi a tseren share fage, musamman wani na mako guda da ake yi a kudu maso gabashin Faransa a watan Yuni, wanda ya shahara da sunan Dauphiné. Froome ya ci shi a 2013 da 2015 da 2016, kuma a duk waɗannan shekaru ya je ya ci babban tseren. Haka Jonas Vingegaard na Denmak ya yi a 2023, da Tadej Pogacar na Sulobeniya a 2025. A yanzu har akwai masu sha'awa da kan ɗauki tsawon hawa da tsayin tsauni da mintocin da mahayi ya yi a kansa, su ƙiyasta ƙarfin da ya fitar gwargwadon nauyin jikinsa, su gwada da na abokan karawarsa.

Alama ta uku ita ce ƙungiya, kuma ita ce baƙon kallo ya fi mantawa da ita. Babban abokin gaban mai keke shi ne iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar da na gaban ke sha. Don haka kowace ƙungiya takan ware madugu ɗaya, sauran su zama barorinsa: su tare masa iska, su ɗauko masa ruwa da abinci daga motar ƙungiya, in kekensa ya lalace su miƙa masa nasu. An ga amfanin wannan a zango na 11 na shekarar 2022. Pogacar ne ke sanye da rigar ɗorawa, kuma shi ya ci shekaru biyun da suka gabata. Sai Vingegaard da abokin ƙungiyarsa Primoz Roglic suka yi ta kai masa hari bi-da-bi, shi kuwa yana bin kowannensu shi kaɗai. Da aka zo hawan ƙarshe na tsaunin Granon ƙarfinsa ya ƙare, ya yi asarar kusan minti 3, rigar kuma ta tafi ke nan. Wanda ya auna mutum da mutum kawai ya faɗi a hasashen wannan rana, wanda ya auna ƙungiya da ƙungiya kuwa ya hango ta.

4.0 Inda Hasashe Ke Tuntuɓe

Duk da waɗannan alamu, mako uku a kan titi lokaci ne mai tsawo. Abu na farko da kan rushe lissafi shi ne faɗuwa. A 1971 Luis Ocana na Sifen ya ba Eddy Merckx na Beljiyam, gagarabadan wancan zamani, ratar fiye da minti 7, har jama'a suka sakankance an gama. Sai hadari ya kece da ruwa suna gangarowa daga tsaunin Menté, Ocana ya faɗi, mahayan da ke biye suka afka masa, aka kwashe shi zuwa asibiti. Merckx ya ci tseren, amma kashegarin haɗarin ya ƙi sanya rigar ɗorawa don girmama abokin karawarsa. Haka nan a 2014 mutum biyun da aka fi sa wa rai, watau Froome da Alberto Contador, duk sun fita da rauni kafin tsere ya yi rabi, Vincenzo Nibali na Italiya ya tafi da kambin.

Abu na biyu shi ne yanayin sama. A zango na 19 na shekarar 2019, ƙanƙara da zaftarewar ƙasa suka toshe hanya, aka tsai da tsere a tsakiya, aka ɗauki lokacin kowa daga ƙololuwar tsaunin Iseran. A nan Egan Bernal na Kolombiya ya karɓi rigar ɗorawa, ya zama ɗan Kudancin Amurka na farko da ya ci tseren. Babu taswirar watan Oktoba da za ta nuna wa mutum ƙanƙarar watan Yuli.

Abu na uku shi ne abin da ya rage a jikin mahayi bayan kwana ashirin na wahala, wanda ko shi kansa bai san iyakarsa ba sai an gwada. A 1989 aka shiga ranar ƙarshe Laurent Fignon na Faransa yana gaban LeMond na Amurka da sakan 50. Tseren kaɗaici ne na kilomita 24 da rabi, daga Versailles zuwa Faris, kuma yawancin masana sun ce tafiyar ta yi gajarta a cike wannan rata. LeMond, wanda shekara biyu kafin nan aka harbe shi bisa kuskure a wurin farauta, ya ɗaura wa kan kekensa wasu sababbin ƙarafa da suka ba shi damar miƙa hannu gaba ya tsuke jiki ya ratsa iska. Ya ci tseren da sakan 8 kacal, ratar da ba a taɓa samun ƙasa da ita ba. Tarihi ya kusan maimaita kansa a 2020, sa'ad da Roglic ya shiga zango na 20 yana gaban Pogacar da sakan 57, ya fito yana bayansa da sakan 59. Pogacar a lokacin yana da shekara 21, kuma zuwansa na farko ke nan.

Abu na huɗu yana cikin zuciyar mai hasashen ne. Tun da Bernard Hinault ya ci a 1985, har zuwa 2025 babu Bafaranshen da ya sake cin wannan tsere, amma kusan kowace shekara akan sami ɗan ƙasa da jama'a za su ɗora wa buri. A 2019 Julian Alaphilippe ya riƙe rigar ɗorawa kwana 14, har mutane da yawa suka manta cewa dogayen tsaunuka ba fagensa ba ne, kuma daga hannunsa ne Bernal ya karɓe ta. So, in ji masu iya magana, hana ganin laifi ne. Akwai kuma kishiyar wannan, watau raina wanda ba a saba da shi ba. A 2024 idon yawancin masu hasashen koriyar riga yana kan Jasper Philipsen na Beljiyam, wanda ya ci ta a shekarar da ta gabata. Sai ga Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango 3, ya tafi da rigar, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a tarihin tseren.

Daga ƙarshe akwai lokacin da miya kan ƙare amma ba a san maci tuwon ba. Lance Armstrong ya zo na ɗaya sau 7 daga 1999 zuwa 2005, amma a 2012 aka ƙwace masa duka saboda amfani da haramtattun magungunan ƙara kuzari, aka bar shekarun babu gwani. Kambin 2006 ma daga baya an ƙwace shi daga Floyd Landis aka ba Oscar Pereiro. Wanda ya canki Armstrong a waɗancan shekaru ya yi daidai a idon 'yan kallo, amma littafin tarihi bai tabbatar masa ba.

5.0 Hasashe da Canki-canka

A nan ya kamata a bambance kalmomi uku da akan cakuɗa. Canki-canka zaɓe ne da ka, babu hujja. Duba kuwa da'awar sanin gaibu ce. Shi hasashe, hangen abin da ke tafe ne bisa alamun da ke a fili, kuma mai yin sa yana iya faɗin dalilinsa a auna. Wasannin da masu sha'awar tseren ke yi a tsakaninsu suna nuna wannan bambanci. Akan ba kowa wani adadin kuɗi na ƙage, a sa wa kowane mahayi farashi, mutum ya zaɓi nasa ayarin, sa'an nan a riƙa tara masa maki gwargwadon abin da zaɓaɓɓunsa suka yi kullum. Tun da kuɗin ba ya isa a kwashe manyan duka, kuma kowa ya san manyan, galibi wanda ya gano ƙaramin mahayi mai araha da zai yi abin mamaki shi ke yin gaba. Canki-canka yana iya cin rana ɗaya, amma da wuya ya ɗore har zango 21.

Saboda haka ba a auna mai hasashe da sakamako ɗaya. Wanda ya zaɓi Ocana a 1971 ya karanta alamu daidai, ruwan sama ne ya kayar da shi. Wanda kuwa ya zaɓi wani don ƙasarsu ɗaya, aka yi sa'a ya ci, bai ƙaru da sanin komai ba. Gwanin hasashe yakan faɗi wanda ya fi rinjaye, ya faɗi dalili, ya kuma ambaci abin da in ya faru zai rushe maganarsa.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa karin maganar nan biyu kowanne yana da muhallinsa. Hanya da halin mahayi da ƙarfin ƙungiya su ne Larabar da ake karantawa, kuma a mafi yawan shekaru gwanin yakan fito ne daga cikin mutum biyu ko uku da aka ambata tun farko. Faɗuwa da ƙanƙara da gajiyar kwanakin ƙarshe su ne ke sa a jira miya ta ƙare. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya sami darasin da ya wuce tseren keke, domin duk mai nazari aikinsa ke nan: ya tattara hujja, ya faɗi inda ta karkata, ya kuma karɓi gyara ranar da sakamako ya saɓa masa.