Ot Marar Ɓuntu: Hatsin Sanyi da Yunwar Shanu a Ƙasar Lafiya

Ot hatsi ne na ƙasashen sanyi, dangin alkama da sha'ir. Galibin mutanen ƙasar nan a gwangwanin Quaker Oats suka san shi, ana dama shi a sha da safe. A inda aka fi noma shi kuwa, irin su Kanada da Rasha, kaso mai tsoka na amfanin cikin dabbobi yake tafiya: dawakai, shanun madara da tumaki. Akwai na gama-gari, wanda ƙwayarsa ke manne cikin ɓuntu kamar shanshera. Akwai kuma marar ɓuntu, wanda masana tsirrai ke kira Avena nuda, mai zubar da ƙwayarsa tsirara tun wajen sussuka. Wannan ya daɗe yana ci da mutane a arewacin ƙasar Sin, musamman lardunan Shanxi da Hebei da Mongoliya ta Ciki.

Ɓuntun yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ot na gama-gari, kuma kusan duk ƙaiƙayi ne marar amfani ga jiki. Saboda haka mudun marar ɓuntu ya fi ƙarfi, ya fi maiƙo, ya fi furotin, wato sinadarin gina jiki, har kaji ma suna cin moriyarsa. Sai dai tsiraicin nan yana da tsada. Idon ƙwayar a waje yake, injin sussuka kan fasa shi, irin ya ƙi tsirowa sosai, dole a ƙara yawan abin da ake shukawa. Maiƙonsa kan sa ya yi saurin lalacewa a ajiya in bai bushe ba, tsuntsaye kuma ba sa raga masa.

Wani abin da masu tallar iri ba su cika faɗa ba shi ne, in ɗanye za a yanka shi ko a saki dabbobi su yi kiwo a kai, fifikon rashin ɓuntu ya kusa ɓacewa, domin ganye da kara ake ci. A nan lokacin yanka ne ke raba gardama. Ana sakin dabbobi in ya kai taƙi guda ko ya ɗara, a janye su ya saura kamar faɗin yatsu huɗu don ya sake tofowa. Mai neman furotin yakan yanka sa'ad da ya yi ciki, kafin ya fid da kai. Mai neman yawan ingirici yakan jira ƙwaya ta yi madara. A tsaunukan Habasha ana haɗa shi da wani dangin wake a gona guda domin shanun madara. A Amurka mafarauta na shuka shi da kaka a ƙananan filaye cikin daji, barewa ta samu kore lokacin da sauran ciyawa ta mutu, talotalon daji kuma su tsinci ƙwaya.

Duk wannan ya rataya ne a kan sanyi. Ot ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos, kuma zafi lokacin fure kan bar zangarniyar ba ƙwaya. Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa tun da aka kafa ta a 1996, tana cikin kwarin Binuwai ne. Daminarta doguwa ce, daga Afrilu zuwa Oktoba, mai ɗumi da laima, yanayin da cutar tsatsar ganye ke so. Hunturunta gajere ne, kafin ƙarshen Fabrairu zafi ya dawo, a Maris yakan haura digiri 35. Wanda ya zuba kuɗinsa a irin ot a ƙasar doya da rogo da riɗi, asara ya saya. In za a gwada shi a Nijeriya, wurinsa tsaunukan Jos da Mambila, ko filayen noman rani inda alkama ke yi da hunturu, kamar Kadawa a Kano.

Amma giɓin da ot ke cikewa a can yana nan a Lafiya, har ya fi muni. Da damina gamba da sauran manyan ciyayi kan fi mutum tsayi, sai a ɗauka abinci ya wadata. Da zarar sun yi fure sai su zama itace. Furotin ɗin da ke cikinsu kan faɗi ƙasa da kashi 3 cikin ɗari da rani, alhali saniya na bukatar kusan kashi 7 kafin tumbinta ya iya narkar da abin da ta ci. Shi ya sa a bazara ake ganin saniya tsaye cikin ciyawa amma haƙarƙarinta a waje, nono ya ƙafe, maraƙi na bin uwa yana kuka. A lokacin ne makiyayi ke hawa madobiya da kawo da maɗaci yana sassabe musu rassa, ko ya gangara fadama inda manomin rani ya riga shi zuwa. Daga nan rigima ke tashi. Matsin ya ƙaru bayan dokar hana kiwon sake ta Jihar Binuwai ta fara aiki a Nuwamba 2017, garkuna da dama suka tsallako yankunan Awe da Keana da Doma.

Noman abincin dabba ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Manomin Kano ya daɗe yana shuka wake irin su kanannado saboda harawa, yana ɗaure ta dami-dami yana jibgewa a kan soro ko cikin rassan bishiya, ya fitar da ita a bazara lokacin da ta yi kuɗi. Cibiyoyin binciken aikin gona na IITA da na Samaru sun fitar da wake da gyaɗa masu ba da ƙwaya da harawa a tare. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki kan lablab, wani wake mai yaɗo da ke riƙe korensa bayan ruwa ya ɗauke, da gamba da ciyawar giwa. Matsalar Lafiya a nan ita ce shanya: ruwan Oktoba kan ruɓar da harawar da aka bari a ƙasa, don haka sai an ɗaga ta kan rumfa, ko a daddatse ɗanyar masara da ciyawa a danne a rami, a rufe da leda iska ba ta shiga.

Gwajin da ya fi kusa da yanayin Nasarawa shi ne na shekarun 1980 a kudancin Kaduna, a Kurmin Biri da Abet, ƙarƙashin cibiyar binciken dabbobi ta ILCA wadda daga baya ta narke cikin wata cibiyar, ILRI. An killace fili mai kimanin hekta 4 kusa da ruga, shanu suka kwana a ciki suka tattake ƙasa suka zuba taki, aka watsa irin stailo, wani tsiro dangin wake. Da damina shanu kan rage ciyawar da ke neman danne shi, da rani kuma a saki masu ciki da masu shayarwa na 'yan sa'o'i kullum. Dabarar ta rage mutuwar maruƙa, har masarar da aka shuka a filin daga baya ta fi kyau. Abin da ya taƙaita yaɗuwarta ba tsiron ba ne: tsadar shinge, gobarar daji, da rashin tabbacin mallakar fili. Ba mai shuka abin da bai san ko baɗi yana wurin ba.

Wannan tarihi ya kamata ya tsaya a gaban masu aiwatar da shirin sauya fasalin kiwo na ƙasa da aka ƙaddamar a 2019, wanda aka zaɓi gandun kiwo na Awe don gwajinsa, da kuma ma'aikatar kiwon dabbobi ta tarayya da aka kafa a 2024. Lafiya na da kwalejin aikin gona, ga tsangayar noma ta jami'ar jihar a Shabu. Samar da ingantaccen iri da koyar da yankan ingirici a kan kari aikinsu ne.

Ta fuskar namun daji, shuka musu fili irin na Amurka bai dace da nan ba, domin inda farauta ba ta da ƙa'ida, fili mai kore tarko ne. Gandun dajin Pandam, a Jihar Filato kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, da ragowar kurmin da ke bakin koguna, sun fi cutuwa da shigar garkuna da rani, da sassabe bishiyoyi, da wutar da ake cinnawa don ciyawa ta yi toho. Kowane garken da ya samu harawa da stailo kusa da ruga daga Janairu zuwa Afrilu ya rage wa gada da gwanki masu yi musu rububin ciyawa da ruwan sha.